Lamba, Harafi ko Mi-La-Re: Wane Suna Za Ka Fara Haddacewa a Jita?

Ɗan'uwa, ka ce kwanan nan ka sayi jita kuma kanka ya ɗaure. Malaminka da ya koyi kiɗa a Nijar yana kiran tsirkiyoyin Mi, La, Re, Sol, Si, Mi. Manhajar saiti da ke wayarka tana nuna maka E, A, D, G, B, E. Masu bidiyo a YouTube kuma sai ka ji suna cewa "ta shida", "ta uku". Tambayarka ita ce wanne ne daidai, wanne kuma ya kamata ka haddace.

Babu wanda ya yi kuskure a cikinsu. Ga su gefe da gefe, daga mafi kauri zuwa mafi siranta:

Ta 6: E, wato Mi (mai kauri)
Ta 5: A, wato La
Ta 4: D, wato Re
Ta 3: G, wato Sol
Ta 2: B, wato Si
Ta 1: E, wato Mi (siririya)

Lamba wuri take nuna maka, harafi kuma sauti. Nan bambancin yake. Tsirkiya ta shida ta shida ce har ranar da za ta tsinke, amma E ɗin da ake kiranta da shi yana nan ne muddin ɗaurinta bai sauya ba. Wasu makaɗa kan sassauta ta da gangan ta koma D don su sami amo mai zurfi. A lokacin harafin ya canza, lambar tana inda take.

Lamba ce mafi sauƙin kamawa, da yamma ɗaya ka gama da ita, sai dai akwai tarko a cikinta. Ana fara ƙirga ne daga siririyar da ta fi kusa da cinyarka, a hauro zuwa mai kaurin da ke kusa da ƙirjinka. Idon sabon mai koyo kuwa kan mai kaurin yake fara sauka, sai ya ɗauka ita ce ta ɗaya. Rubutun nan mai layuka shida da ake kira tab ma haka yake rikita mutane, domin layin da ke sama a takarda shi ne siririyar tsirkiya, wadda a hannunka ita ce a ƙasa. Saboda haka ka bar cewa "ta sama" da "ta ƙasa" kwata-kwata. Wani in ya ce sama tsayin murya yake nufi, wani kuma wurin da tsirkiyar take, sai a yi ta gardama ba gaira ba dalili. Lamba za ta yi maka rana a shago ma. In siririyar ta tsinke, ka ce a ba ka ta ɗaya. In ka ce "E", mai shago zai tambaye ka wacce, tunda biyu ne.

Harafi ya fi cin lokaci, amma shi ya fi biya. Manhajar saiti da harafi take magana. In ka kaɗa ta biyar ta nuna maka G maimakon A, sanin cewa haruffan bakwai ne suke zagayawa, daga A zuwa G su sake dawowa A, shi zai gaya maka cewa tsirkiyar ta yi sako-sako, ɗaurewa take so. Wanda bai san wannan ba yakan yi ta murɗa kunnen jita ta ɓangaren da bai dace ba, ko ya murɗa kunnen wata tsirkiya yana kaɗa wata, har ya ji "tas". Sunayen haɗin sautuka, irin su G da D da Em da za ka gani a saman baitocin waƙa, duk daga waɗannan haruffa suka fito.

Lura da abu biyu game da jerin. E ɗin farko da na ƙarshe suna ɗaya ne amma muryarsu ta yi nisa da juna: mai kaurin tana kaɗawa kusan sau 82 a daƙiƙa, siririyar kusan sau 330, ninki huɗu ke nan. Sannan tazarar da ke tsakanin tsirkiya da maƙwabciyarta daidai take, ban da wuri ɗaya. Danna ta shida a gida na biyar, wato bayan ƙarfe na huɗu kafin na biyar a wuyan jita, za ka ji sautin ta biyar ba tare da an danna ta ba. Haka ta biyar take ba ka ta huɗu, ta huɗu ta ba ka ta uku, ta biyu ta ba ka ta ɗaya. Ta uku ce kaɗai ta bambanta, a gida na huɗu take ba ka ta biyu. Da wannan kake iya saita jita ranar da wayarka ba caji.

In kana son abin riƙewa, gwada wannan: "Eh, An Daka Gero Bana? Eh!" Farkon kowace kalma shi ne harafin, daga ta shida zuwa ta ɗaya. Sai dai ni ban cika dogaro da irin wannan ba. Mai haddar jimla sai ya karanto ta daga farko kafin ya gano sunan ta biyu, kamar yaron da ba ya iya kawo aya sai ya faro daga bakin sura. Abin da ya fi shi ne kullum ka saita jitarka kafin ka fara, kana kaɗa kowace tsirkiya kana faɗin lambarta da harafinta da ƙarfi, wata rana daga ta shida, wata rana daga ta ɗaya, wata rana a hargitse.

Sai na malaminka. Mi-La-Re tsarin Faransa da Italiya da Sifen ne, shi ya sa za ka ji shi a bakin makaɗan Yamai da Agadas da Bamako da suka koya ta Faransanci. Asalin sunayen yana komawa ga Guido na garin Arezzo a Italiya, a ƙarni na 11. A wannan tsari Do kullum C ne, Mi kullum E ne, don haka fassara ce kawai ta haruffa, ɗaya bisa ɗaya, kuma sun fi daɗin rerawa a baki.

Inda za ka yi hattara shi ne idan ka zauna da wanda ya taso cikin mawaƙan coci a Jos ko Kaduna. Su ma do-re-mi suke yi, amma irin na Ingila wanda John Curwen ya yaɗa a ƙarni na 19, inda do yake bin mabuɗin waƙa, wato sautin da aka gina waƙar a kansa. In waƙar a G take, to G ne do ɗinsu, tsirkiyarka ta shida kuma ta zama la a wurinsu, alhali malaminka Mi yake kiranta. Alamar gane su ba wuya, suna cewa "ti" inda malaminka yake cewa "si". Tsarin nasu yana da kyau ƙwarai wajen horar da kunne, amma bai dace da sa wa tsirkiya suna ba.

Shawarata, ka riƙe lamba yau, harafi ya biyo baya cikin makon nan ta hanyar saiti. Mi-La-Re kuma kada ka zauna haddarsa daban. Rubuta jerin nan na sama a 'yar takarda ka manna a gefen jitar, duk sa'ad da malam ya ce "Sol" ka duba ka amsa masa da "ta uku, G".