Chevening ko DAAD: wanne ya fi dacewa da injiniyan ruwa mai iyali?

Wani ɗan'uwa a cikin wannan zaure ya yi tambaya cewa ya kammala digirinsa na farko a fannin injiniyan gine-gine a shekarar 2021 da sakamako mai daraja ta biyu ta sama, ya yi hidimar ƙasa, yanzu kuma ya shekara uku yana aiki a hukumar samar da ruwan sha ta jiharsu, yana da mata da ɗa guda. Yana son yin digiri na biyu a ƙasar waje, kuma ya rasa inda zai sa ƙarfinsa tsakanin tallafin Chevening na Birtaniya da tallafin DAAD na Jamus. Malam, amsata a taƙaice ita ce tallafin Jamus ya fi dacewa da halin da ka bayyana, amma dalilan suna buƙatar shimfiɗa, domin mutane da yawa suna ɗaukar waɗannan tallafi biyu a matsayin abu ɗaya mai suna biyu, alhali kowannensu irin mutumin da yake nema daban ne.

Gwamnatin Birtaniya ta kafa Chevening a shekarar 1983, kuma ma'aikatar harkokin wajenta ce take ɗaukar nauyinsa tare da wasu jami'o'i da abokan hulɗa. Sunan ma an samo shi ne daga wani tsohon gida da ke yankin Kent wanda ministan harkokin wajen ƙasar yake amfani da shi. Wannan asali yana bayyana manufar shirin: Birtaniya tana neman mutanen da take ganin za su riƙe muƙamai ko su zama masu faɗa a ji a ƙasashensu nan gaba, ta ba su shekara guda a jami'o'inta, su koma gida suna da alaƙa da ita. DAAD kuwa ƙungiya ce ta jami'o'in Jamus da aka kafa a 1925, hedikwatarta tana birnin Bonn, kuma tana da shirye-shirye masu yawa, shi ya sa cewa kawai mutum zai nemi DAAD bai isa bayani ba. Shirin da ya shafe ka shi ne wanda ake kira EPOS, wato kwasa-kwasan gaba da digiri masu alaƙa da raya ƙasa, wanda ma'aikatar haɗin kan tattalin arziki da raya ƙasashe ta Jamus take ba da kuɗinsa. Wannan shiri ƙwararren ma'aikaci yake nema, wanda zai zurfafa a sana'arsa ya koma ma'aikatarsa da ilimin da za a gani a ƙasa. Akwai kuma shirin Helmut Schmidt na DAAD, amma shi na masu karatun tsara manufofin gwamnati da shugabanci ne, ba naka ba ne.

A wajen sharuɗɗa kuna iya cewa sun yi kama, domin dukansu suna buƙatar gogewar aiki ta shekara biyu. Chevening yana ƙirga ta da sa'o'i, sa'a 2,800, kuma yana karɓar aikin cikakken lokaci da na wucin gadi da na sa kai, don haka shekarunka uku a hukumar ruwa sun wuce abin da ake nema nesa ba kusa ba. EPOS ya fi tsanani ta wata fuskar, domin ban da kasancewar aikin bayan kammala digiri, yana son ya danganci kwas ɗin da ake nema, sannan a tabbatar da shi da takarda daga wurin aiki mai ɗauke da hatimi da sa hannu. Bambancin da ya fi shafar ka shi ne na shekarun digiri. Chevening ba ya duba shekarun mai nema ko tsufan digirinsa, amma ƙa'idar EPOS ita ce kada digirin ƙarshe ya wuce shekara shida a lokacin nema. Wanda ya kammala a 2021 ƙofar Jamus tana rufe masa sannu a hankali, yayin da ta Birtaniya za ta ci gaba da zama a buɗe ko bayan shekara goma. Wannan kaɗai ya isa ya sa ka fara da Jamus.

Yadda ake nema shi ne wurin da hanyoyin biyu suka rabu sosai. A Chevening shafi ɗaya ne na intanet, ana buɗe shi a watan Agusta a rufe cikin kaka, kuma kowa a duniya rana ɗaya yake da ita ta ƙarshe. Za ka zaɓi kwas uku a jami'o'in Birtaniya, ka rubuta amsoshi huɗu: kan jagoranci da tasirin da ka yi, kan yadda kake ƙulla alaƙa da mutane a fagen aiki, kan dalilin zaɓen kwasa-kwasan, da kan tsarin da ka yi wa aikinka bayan dawowa. Kwamitoci masu zaman kansu ne suke karanta waɗannan amsoshi, sannan a kira waɗanda suka tsallake zuwa ganawa ta baki da baki da ofishin jakadancin Birtaniya yake shiryawa a farkon shekara mai zuwa, a fitar da sakamako wajen watan Yuni. Abin da sababbin masu nema suke mantawa shi ne Chevening ba ya samo wa kowa gurbin karatu. Kai da kanka za ka nemi shiga jami'o'in nan daban, kuma dole ne ka gabatar da takardar shiga marar sharaɗi daga ɗaya cikin ukun kafin wa'adin watan Yuli, in ba haka ba tallafin ya kuɓuce ko da ka ci ganawar.

A EPOS kuwa babu wata ranar ƙarshe guda. DAAD tana fitar da jerin kwasa-kwasan da ta amince da su kowace shekara, kai kuma ka aika takardunka kai tsaye zuwa ga kwas ɗin da kake so, ba zuwa Bonn ba, kuma kowane kwas yana da ranar rufewarsa da ƙarin sharuɗɗansa. Ba a yarda ka nemi fiye da kwas uku ba, kuma sai ka jera su bisa fifiko ka bayyana dalilin jerin a wasiƙar bayyana manufa. Malaman kwas ɗin ne suke tantancewa su miƙa wa DAAD sunayen da suka zaɓa, wato neman gurbi da neman tallafi tafiya ɗaya suke yi. Ma'anar wannan a aikace ita ce wanda zai karanta takardarka farfesa ne a fannin ruwa ko noma ko lafiya, wanda ya fi damuwa da darussan da ka ci a aji uku da aji huɗu da irin aikin da hannunka ya taɓa, fiye da iya tsara zance. A cikin kwasa-kwasan da suka daɗe a wannan jeri akwai na kimiyya da injiniyan ruwa a jami'ar fasaha ta Dresden, da na tsara ababen more rayuwa a jami'ar Stuttgart, waɗanda duka biyun suka dace da kai, da na makamashi mai sabuntuwa a Oldenburg, da na kiwon lafiyar ƙasa da ƙasa a Heidelberg, da na tattalin arzikin noma a Hohenheim. Ka duba jerin shekarar da za ka nema, domin ana ƙarawa ana ragewa.

Ban ce amsoshin Chevening sun fi ƙarfinka ba, amma ya kamata ka san abin da suke nufi da jagoranci. Ba muƙami suke tambaya ba. Idan akwai lokacin da ka ga bututu yana zubar da ruwa a wata unguwa watanni, ka tara masu unguwanni da ma'aikata, ka shawo kan shugabanka ya saki kayan gyara, har aka rage asarar, wannan labarin jagoranci ne, kuma ya fi jerin kwamitocin da sunanka ya shiga ba tare da ka yi komai ba. Wahalar ita ce mu mutane ne da aka tarbiyyantar da kunyar yabon kai, mun saba cewa mun yi ko an yi, su kuwa masu karantawa suna son su ji abin da kai ɗin ka yi da sakamakon da ya biyo baya. Masu nema dubun-dubata ne daga ƙasashe sama da ɗari, waɗanda ake ɗauka kuma 'yan kaɗan ne cikin ɗari, saboda haka ba abin mamaki ba ne mutum ya nema sau biyu ko uku kafin ya dace. Shirin ya kuma haramta kwafar rubutun wani ko sa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta rubuta amsoshin, kuma ana korar wanda aka kama.

Tsawon karatun ma abin dubawa ne. Digiri na biyu a Birtaniya wata goma sha biyu ne, ana farawa a Satumba ko Oktoba, darussa su cinye zango biyu, watannin ƙarshe kuma su tafi a rubutun kundin bincike. Ga ma'aikacin gwamnati wannan yana da sauƙi wajen neman hutun karatu, ga mai iyali kuma rabuwar ba ta da tsawo. Sai dai shekara guda tana wucewa kamar ƙiftawar ido, kuma kafin mutum ya saba da sanyi da salon karatun an fara jarrabawa. Yawancin kwasa-kwasan EPOS na injiniya shekara biyu ne, zango huɗu, na ƙarshen an ware shi ga bincike, kuma da yawa daga cikin ɗalibai sukan ɗauki matsalar ƙasarsu ta zama batun binciken. Injiniyan da yake son ya iya ƙirar tsarin rarraba ruwa ko nazarin ruwan ƙarƙashin ƙasa da hannunsa, a ganina shekara biyun nan sun fi masa amfani. Ana koyar da mafi yawansu da Ingilishi, amma DAAD tana shirya wa waɗanda ta ɗauka darasin Jamusanci kafin fara karatu, kuma kada ka raina shi, domin a ofishin rajistar mazauna gari da asibiti da wurin neman ɗaki harshen gida ne yake aiki.

Game da kuɗi, Chevening yana biyan kuɗin makaranta, wanda a Birtaniya shi ne babban nauyi, da alawus na wata-wata wanda na masu zama a Landan ya ɗara na sauran garuruwa, da tikitin jirgi na zuwa da dawowa, da kuɗin biza. Ba ya ba da ko sisi domin mata ko 'ya'ya. A Jamus yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin koyarwa sai ɗan kuɗin zango, don haka tallafin ya fi karkata ga rayuwa: alawus na sama da Yuro 900 a wata, inshorar lafiya, da kuɗin tafiya, kuma bisa wasu sharuɗɗa ana iya ƙara tallafin haya da alawus na iyalin da suka biyo ɗalibi. Takardar tallafin kuma tana ɗauke maka wajibcin ajiye kuɗin shekara guda a rufaffen asusu, wanda ake nema daga ɗaliban da suke ɗaukar nauyin kansu kafin a ba su biza. Duk da haka ba zan ba ka shawarar tafiya da iyali tun farko ba, domin samun gida a garuruwan jami'a na Jamus yana da wuya ƙwarai, ɗakin ɗalibai kuma na mutum ɗaya ne. Ka fara zuwa ka zauna da gindinka tukuna.

Batun dawowa gida a Chevening rubutacce ne: za ka sa hannu cewa za ka koma ƙasarka ka zauna aƙalla shekara biyu bayan kammalawa, don haka wanda a zuciyarsa hijira yake nufi ya nemi wata hanyar. EPOS shi ma an gina shi ne a kan dawowa, shi ya sa wasiƙar shugabanka a wurin aiki take da nauyi sosai, musamman idan ta nuna cewa hukumar ta san da tafiyarka kuma tana jiran ka dawo mata da abin da ka koyo.

A kan harshen Ingilishi, Chevening ya daina neman sakamakon jarrabawa na kansa, ya bar wa jami'o'i, kuma akwai jami'o'in Birtaniya da dama da suke karɓar sakamakon Ingilishi na WAEC daga 'yan Nijeriya a madadin jarrabawar gwajin Ingilishi ta IELTS. Kwasa-kwasan Jamus kowanne da abin da yake nema, da yawansu kuma suna son IELTS ko TOEFL. Jarrabawar tana da tsada, sakamakonta kuma shekara biyu yake aiki, amma da yake takarda ɗaya za ta yi maka amfani a ɓangarorin biyu, na ga ya fi ka zauna mata sau ɗaya cikin shiri mai kyau.

Neman ɗaya ba ya hana neman ɗayan, kuma cike takardar neman tallafin a duka biyun kyauta ne, don haka duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi zai samo maka gurbi a cikinsu damfara yake shirin yi. Tsarin da zan ba ka shi ne ka sa kaso mafi girma na lokacinka a kan kwas biyu ko uku na EPOS a wannan shekara da mai zuwa, tun digirinka bai tsufa ba, ka kuma cike Chevening a gefe, domin rubuta amsoshinsa huɗu zai tilasta maka tantance abin da kake son yi da kanka, wanda hakan zai gyara wasiƙarka ta Jamus. Abin da za ka fara da shi a wannan makon kuwa shi ne neman cikakkiyar takardar sakamakon darussanka daga jami'ar da ka gama, domin ita ce takardar da ba a hannunka saurinta yake ba, kuma tana iya ɗaukar watanni kafin ta fito. Tare da ita ka duba ranar ƙarewar fasfonka, ka kuma tabbatar da cewa sunanka iri ɗaya ne a fasfo da shaidar digiri da takardar hidimar ƙasa, domin Muhammad a wata takarda da Mohammed a wata yana iya tsayar da kai a wajen biza bayan an riga an ba ka tallafin.