Laftof ko tabilet: wanne za a saya wa mai shiga jami'a?

Da an fitar da sunayen waɗanda suka samu gurbi a Jami'ar Bayero, ko ta Tarayya da ke Dutse, ko ta Sule Lamido a Kafin Hausa, sai ka ga iyaye a nan ƙasar Ringim sun fara lissafin buhun riɗi nawa za a kai kasuwa. Bayan kuɗin rajista, maganar na'ura ce ke biyo baya. Yara da yawa tabilet suke so, ni kuwa ba na ɓoye wa kowa: laftof za a saya, ko da ta hannu ce.

Tabilet tana da kirkinta. Ba ta da nauyi, batirinta kan wuni, kuma mai cajin waya na bakin kasuwa zai cika maka ita da solarsa. Ga karatun handawut da daɗi. Amma wayar da ke aljihun yaron tana yin wannan duka. Iyakar abin da zan ce a kanta ke nan.

Aikin jami'a rubutu ne, kuma ƙarshensa furojet. Babi biyar, da jadawali, da lambar shafi, malami ya ja layi da jan biro ya dawo maka da shi ka gyara ka sake kawowa. Word na tabilet guntu ne, kuma idan fuskarta ta wuce inci 10.1 sai ka biya kuɗin Microsoft 365 kafin ka iya gyara rubutu a ciki. SPSS da 'yan sashen ilimi da zamantakewa ke lissafin bincikensu da shi ba ya hawa Android ko iPad. Wanda zai karanta injiniyanci ko zanen gini a jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil kuwa, cikakken AutoCAD na kwamfuta yake buƙata. Mai tabilet ƙarshenta shagon buga takardu zai tare, yana biyan kuɗi shafi-shafi.

Zaɓina Lenovo ThinkPad T480. Baƙa ce, ba ta da kwalliyar da za ta burge abokai, amma kibod ɗinta ba ya gajiyar da yatsu, jikinta kuma yana jure jijjigar achaba da ƙurar hunturu. Abin da ya fi saye ni batirinta biyu: ɗaya a ciki, ɗaya a waje da ake cirewa a sa wani. Tana kuma caji ta USB-C, wato fawa-bankin da ke ba da wat 65 zai tashe ta. Ga wanda zai dawo hutu garin da wutar KEDCO sai an ga dama, wannan ba ƙaramin abu ba ne. HP EliteBook 840 G5 ma ba laifi, masu gyaranta sun fi yawa. Chromebook kuwa tabilet ce mai kibod, a bar ta.

Yanzu ga inda ake kuka. Ƙanena ya taɓa sayen laftof a hannun wani da suka haɗu a waya. A gabansa tana jone da caja, garau. Da aka iso gida aka zare, ko sallar isha'i ba a idar ba ta mutu, wanda ya sayar masa kuma ya daina ɗaga waya. Saboda haka kome gaggawarka, sa a zare caja ka zauna kana kallon yadda cajin ke sauka. Ka buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta umarni a Windows, ka rubuta powercfg /batteryreport, zai ajiye maka rahoton da za ka buɗe ka ga ƙarfin batirin na asali da abin da ya rage. Idan ya kusa rabi, kuɗin sabon batir ya fita daga ciniki.

Kada sitikar Core i7, mai nuna irin furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, ta ruɗe ka, manna ta ake yi. Shiga Task Manager, tagar Windows mai nuna kayan cikin na'ura, ka karanta lambar furosesar da idonka. A i5-8250U, wannan 8 ɗin na farko shi ne janareshon, wato zamanin ƙirarta. Tsohuwar i7 mai farawa da 4, mai ƙarewa da U, ba ta kama ƙafarta ba. Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida daga janareshon na 8 take farawa, don haka wasu kan ɗora ta da dabara a kan tsohuwar na'ura su ce maka sabon yayi ce. A cikin Task Manager ɗin dai ka duba RAM, wato ma'ajiyar aiki ta wucin gadi, ya kai 8GB, babbar ma'ajiyar kuma SSD ce, wato mai sauri. Ka shiga BIOS, saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ka tabbata ba kalmar sirri a kai. Ka danna kowane harafi, ka soka filash a kowace kafa, ka gwada kyamara, ka ɗaga murfin da hannu ɗaya ka ji ko mahaɗin murfin na ƙara.

Masu nacewa a kan tabilet ma ba su tsira ba. Akwai marasa suna da kwalinsu ke cika baki da ma'aji mai yawa, a ciki ba haka ba. iPad ta hannu da ke kulle da iCloud, wato asusun Apple, na wani kuwa faranti ka saya.

Idan za a shiga Kano, titin Beirut ko Farm Centre, a tafi da wanda ya san kan abin, a sayi a shago mai mazauni, a karɓi rasit mai lambar na'urar da kwanakin gwaji a rubuce. Cajar kuma a nemi ta asali, domin wutar janareton ƙauye ba ta barin ta bogi ta kai zango na biyu.