Shekara biyar da Camry ƙirar 2014 a Akra: yadda na saya da yadda na sayar

Na sayi Toyota Camry ƙirar 2014 a wani garejin sayar da motoci da ke wajen Achimota a watan Oktoba na 2019, na kuma sayar da ita a Nuwamba na 2024, bayan ta yi mini hidimar shekara biyar tsakanin gidana a Madina, shagona a Nima, da gidan mahaifiyata a Aboabo ta Kumasi. Tun da na rabu da ita 'yan'uwa suke tare ni a ƙofar masallaci da wuraren suna suna tambaya ko da gaske ne na ci riba, domin labarin da ya bazu shi ne na saya a kan sidi 68,000 na sayar a kan 145,000. Kuɗin haka suke, ban ƙara ko sisi ba, amma wanda ya ɗauki wannan a matsayin riba zai shiga kasuwar mota da lissafin da zai cuce shi, shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da na gani dalla-dalla.

Lokacin da na saya, dala ɗaya ba ta kai sidi biyar da rabi ba, wato na biya kimanin dala 12,500. Ranar da na sayar kuwa dala tana wajen sidi 16, abin da ya shigo hannuna bai wuce dala 9,000 da 'yan kai ba. A tsakanin waɗannan ranaku biyu ne muka ga shekarar 2022, wadda sidi ya faɗi warwas a cikinta, hauhawar farashi kuma ta haura kashi 54 cikin ɗari a watan Disamba. Motar da za a maye gurbin tawa da ita da dala ake sayenta a Amurka, da dala ake biyan jirgin ruwa, kuɗin fito a tashar Tema ma a kan farashin dala ake lissafa shi, saboda haka da dala ya kamata a auna. A wannan ma'auni motar ta zubar da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na darajarta. Ban ɗauki wannan a matsayin asara mai ciwo ba, domin motar da ta cika shekara goma da ƙerawa, ta yi biyar daga ciki a titunan Akra, ta kuma dawo wa mai ita da kusan kashi uku cikin huɗu na kuɗinsa, ta cancanci a yaba mata.

Injinta mai silinda huɗu ne, lita 2.5, giyarta kuma mai canza kanta ce mai mataki shida, irin ta da, wadda makanikai suka sani ciki da bai. Tayimin ɗinta na sarƙa ne, don haka babu fargabar tsinkewar bel da masu wasu motoci ke kwana da ita. Abu ɗaya da na dage a kai tun ranar farko shi ne bakin mai. Kamfani ya rubuta 0W-20 a murfin injin, amma yawancin masu juye a unguwa sun saba da mai kauri, suna cewa zafin ƙasarmu ne ke buƙatarsa. Makanikena, wanda kowa a garejinsa na Mamobi ke kira Masta, ya ce da ni, "Alhaji, wanda ya ƙera injin nan ya fi mu sanin hanyoyin da mai ke bi a cikinsa, mu zuba abin da ya rubuta." Haka muka yi har na sayar, kuma ba a taɓa kwance kan injin ba. Abin da na canza shi ne abin da hanya ke ci: shokozoba sau biyu, takalmin birki, batir, tayoyi, da kwamfiresar na'urar sanyaya ɗaki a shekara ta huɗu.

A hanyar Kumasi ne ake gane amfanin babbar salun. Tafiyar kilomita 250 ce ko kusa da haka, idan an tsallake cinkoson Ofankor zuwa Nsawam, motar takan kwanta a titi, ba ta rawa idan tirela ta gifta, mutum huɗu manya da kayansu su isa Nkawkaw babu mai kukan ƙafa ko baya. Mahaifiyata, wadda ciwon gwiwa ya sa take gudun doguwar tafiya, a kujerar baya take barci har mu shiga Ejisu. A wannan hanya lita ɗaya takan kai ni kilomita 13, amma daga Madina zuwa Nima da safe, ta Legon da Tetteh Quarshie, da ƙyar take yin takwas idan sanyi yana kunne. Cikinta kuma yana kusa da ƙasa, domin don titunan wata ƙasa aka tsara ta. A lungunan Nima inda kwata ta cinye gefen hanya, da damina idan ruwa ya taru wajen Alajo, sai mai ita ya yi haƙuri ya bi a hankali ko ya sauya hanya. Wasu suna ɗaga ta da ƙarin roba a kan shokozoba. Ni na bar ta yadda take, saboda ban so in ɓata mata zama a kan kwana ba.

Inda aka cuce ni wurin saye ne. Mai garejin ya rantse mini cewa motar ba ta taɓa haɗari ba, sai bayan wata bakwai, da aka cire bambar gaba don gyaran fitila, Masta ya nuna mini walda a ƙarfen da ke riƙe lagireto da fentin da bai yi daidai da sauran ba. Da na sa ɗan ƙanena ya bincika lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 a intanet, sai ga hotunanta a filin gwanjo a Amurka, gaban dama a murƙushe. Gyaran da aka yi mata mai kyau ne, shasin bai karkace ba, amma da na sani da ban biya abin da na biya ba. Mafi yawan motocin da 'yan kasuwa a nan suke kira hom-yus, wato tsofaffin motocin da ake shigowa da su daga waje, daga irin wannan gwanjo na Copart da IAA suke fitowa, inda kamfanonin inshora ke zubar da motocin da suka ga gyaransu a can ya fi ƙarfin darajarsu. Binciken lambar shasi ba ya cin minti goma, kuma kafin a ba da kafin alƙalami ya kamata a yi shi. Da na tashi sayarwa na nuna wa duk wanda ya zo tayi waɗannan hotuna. Biyu sun juya, na uku ya rage sidi 5,000 muka daidaita, na kuma fi samun natsuwa da kuɗin da na karɓa a haka.

Kwana tara kacal ta yi a kasuwa. Abin da ya fi rage mata kuɗi, bayan tarihin haɗarin, shi ne lambarta mai ƙarewa da 19, domin mai saye a Gana yakan dubi shekarar rajista da ke jikin lamba kafin ya buɗe bonet. Tun ranar saye aka ba ni shawarar in jinkirta zuwa ofishin DVLA, hukumar rajistar motoci, har Janairu don in sami 20, na ƙi, saboda ba zan ajiye mota wata uku ina hawa tirotiro, wato bas ɗin haya, ba. Abin da ya ɗaga ta kuma shi ne cikarta shekara goma: duk wanda zai shigo da irinta daga waje bayan nan sai ya haɗa da tarar tsufa da kwastan ke ɗora wa motar da ta haura shekara goma, wadda ke ƙaruwa da ƙaruwar shekaru.

Dillalin da ya kawo mai sayen ya faɗi wata magana da ta zauna mini. Ya ce mutumin da ke sayen tsohuwar mota, Abossey Okai yake saye tare da ita. Duk wanda ya taɓa shiga wannan kasuwa ta kayan gyara, ko Suame Magazine a Kumasi, ya san abin da yake nufi. Kayan Camry, daga madubi har cikakken inji, a shago na farko ko na biyu ake samunsu, sabo da na hannu, a yi ciniki a rage, kafin la'asar mota ta tashi. Honda Accord tana biye da ita, kodayake daga ƙirar 2013 mai silinda huɗu ta koma giyar CVT, wadda ba ta da matakai, kuma makanikanmu da yawa ba sa son buɗe ta. Wannan tsoron ne ya fi danne farashin Nissan Altima, wadda ita ma irin wannan giyar gare ta. Hyundai Sonata ta fi su duka ɗaukar ido, cikinta ya fi ƙayatarwa, amma labarin da ya faru a 2015, lokacin da kamfanin ya janye kusan motoci 470,000 na ƙirar 2011 da 2012 a Amurka saboda ɓurɓushin ƙarfe da ya rage a cikin inji tun daga masana'anta, ya iso Abossey Okai ya zauna, har waɗanda aka ƙera bayan haka suna biyan bashinsa. A ganina kasuwa ta tsananta wa Sonata fiye da kima. Wanda ya yi niyyar riƙe mota har ta tsufa a hannunsa, ya kuma sami wadda aka duba injinta da kyau, arhar nan tasa ce. Tsadar Camry tana amfanar mutum irina ne, wanda ya san wata rana zai buƙaci mayar da motarsa kuɗi cikin gaggawa don jarin shago ko kuɗin makaranta.

Abin da ya fi damuna yanzu shi ne rijiyar da muke ɗiba tana janyewa. Tun Agusta na 1974 Gana ta koma tuƙi a hannun dama, don haka motocin Japan da Ingila masu sitiyari a dama ba namu ba ne; Amurka da Kanada ne manyan wuraren da salun ɗinmu ke fitowa, sai Koriya da Dubai. A Amurka kuwa masu saye sun karkata ga manyan motoci masu tudu da a-kori-kura, kamfanoni suka bi su. Chrysler ya daina ƙera 200 a ƙarshen 2016, Ford ya rufe Fusion a 2020, Volkswagen ya tsayar da Passat ta Amurka a ƙarshen 2021, Mazda ta janye Mazda6 daga can a 2021 ɗin, Chevrolet Malibu ta bi su a Nuwamba na 2024. Filin ya rage wa 'yan Japan da 'yan Koriya, 'yan Japan ɗin kuma dama a cikin Amurka suke ƙera nasu: Accord a Ohio tun 1982, Camry a Kentucky tun 1988. Duk motar da aka daina ƙerawa, bayan 'yan shekaru kayanta na hannu sukan fara wuya a nan, dillalai kuma tun kafin wuyar ta zo suke rage mata kuɗi. Hukuncin da aka yanke a ofishin kamfani kusa da Detroit, mai Fusion a Fadama yana jinsa a aljihunsa ranar da ya kai ta kasuwa.

Ita Camry ɗin ma ba ta tsaya yadda na san ta ba. An daina sayar da ita a Japan a 2023, kuma daga ƙirar 2025 duk wadda ake sayarwa a Amurka mai haɗa fetur da batir ce. Nan da shekara biyar ko shida irinta ce za ta cika kwantenoni a Tema, kuma darajarta a hannu na biyu za ta dogara ga ko akwai mai iya auna batirin da sauya shi a farashin da ɗan kasuwa zai iya. Masana'antun harhaɗa motoci da aka buɗe a ƙasar nan, Volkswagen a 2020, Toyota a Tema a 2021 da Hilux, Nissan a 2022 da Navara, abin farin ciki ne, amma sabuwar mota sai mai albashi babba ko ma'aikata, tunda bashin banki a Gana ruwansa ya fi ƙarfin talaka. Dokar kwastan ta 2020 da ta nemi hana shigo da motocin haɗari da waɗanda suka haura shekara goma ta gamu da ƙorafin masu shigo da motoci da 'yan kayan gyara, aka dakatar da aiwatar da ita. Sannan ga Sin, wadda ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da motoci a 2023. Jetour, Chery, Changan da BYD suna ƙaruwa a titin Spintex da East Legon, sababbi fil, da garanti, da kayan alatu da Camry ta ba ta taɓa mafarkinsu ba. Na shiga ɗaya, ta burge ni ƙwarai. Abin da ya hana ni zaro kuɗi shi ne har yanzu ban ga layinsu ya kafu a Abossey Okai ba, ban kuma ga wanda ya riƙe ɗaya shekara bakwai ya sayar ba, balle in ji nawa ta dawo masa da shi.

Wanda ya sayi tawa matashi ne ɗan Asawase mai sayar da wayoyi a Adum, kuma da na je Kumasi da ƙaramar salla na gan ta a fake kusa da babban masallaci, ya sauya mata tayoyi ya bar sauran yadda suke. Ni kuwa na ajiye kuɗin a sidi, sai Allah ya sa a tsakiyar 2025 sidi ya farfaɗo, dala ta sauko ƙasa da sidi 11, abin da ban tsara ba ban kuma yi tsammani ba. Yanzu ina neman Camry ƙirar 2018 ko 2019 mai fetur zalla, wadda zan ga hotunan gwanjonta kafin a loda ta. Na tambayi Masta ko in nemi mai batir tunda can aka dosa, ya ce, "Alhaji, ba ni shekara biyu, na tura babban yarona koyon aikinta a wajen wani a Kokompe, idan ya dawo ya buɗe guda goma a gabana, ni da kaina zan ce ka saya."