Jama'ar Zariya a yi hattara da mai "fitilar maganin damuwa"

Salam jama'a. Wlh da na so in yi shiru saboda kunya, amma jiya na ga mutumin ya buɗe sabon shafi da wani suna yana ci gaba da tallarsa, shi ne na ce bari dai in faɗa ko wani ya tsira.

Akwai wani da ke yawo a Facebook da guruf-guruf ɗin WhatsApp na matan Samaru da Sabon Gari, yana kiran kansa dakta, har da farin kwat da abin awon ƙirji a wuya. Wai yana da fitila daga Turai mai warkar da ciwon damuwa da rashin barci cikin sati biyu, wai hazon hunturu ne ke tare rana shi ya sa mutane ke shiga ƙunci. Ƙanwata ce ta faɗa hannunsa. Tun rasuwar mijinta take fama, likita ya ɗora ta kan magani har ta fara cin abinci tana fitowa tsakar gida, kawai ran nan ta kira ni, "Yaya dan Allah taimaka min da dubu 45, na samu abin da zai raba ni da ƙwayoyin nan." Ni ma ban tsaya bincike ba, tausayi ya rufe min ido na tura. Sunan akawun ɗin na mace ne, ya ce na matarsa ne. Nan ya kamata in farga.

Bayan kwana 4 na je Kwangila na karɓo saƙon wajen direba. Muna buɗe kwali sai ga fitilar zoben nan da 'yan mata ke ɗaukar bidiyo da ita, an manna mata sitika, gefe ɗaya ma ya ɗago. Ko dubu 10 ba zan saye ta ba a kasuwar Sabon Gari.

Abin da ya sa yaudarar ke shiga shi ne ya jingina ta da gaskiya. Maganin haske da gaske ne akwai shi. A 1984 wani likita Norman Rosenthal da abokan aikinsa a Amurka suka bayyana ciwon damuwar da ke zuwa da lokacin sanyi ya tafi in rana ta dawo. Amma fa a ƙasashen da rana ke musu rowa ne ya fi yawa, a Landan ƙarshen Disamba wuni bai kai awa 8 ba, a Toromso ta Nowe kuwa kusan wata biyu ba a ganin ƙwayar rana sam. Masu ciwon a can su ne ke zama gaban akwatin haske mai ƙarfin laks 10,000 (laks shi ne ma'aunin ƙarfin haske), minti 20 zuwa 30 da sassafe, an tace masa hasken da ke ƙona fata da ido, don agogon jiki ya gane gari ya waye. Mu nan Zariya ko a tsakiyar hunturu wuninmu ya haura awa 11. Na sa manhajar auna haske a waya, na san ba ma'aunin asibiti ba ce amma dai, fitilar dakta a nisan kamu biyu ba ta kai 500 ba, na fita tsakar gida ƙarfe 9 na safe duk da hazo lambar ta zarce 10,000. Wato dubu 45 na biya aka sayar min da abin da bai kai inuwar darbejiyar ƙofar gidanmu ba.

Kuɗin ba su ne suka fi min ciwo ba. Ashe a saƙon murya ya ce mata ta ajiye maganin asibiti wai yana hana hasken aiki, ita kuma ta ajiye ba ta gaya wa kowa ba. Kwana 6 sai jiri, ba barci, kuka da daddare, ta koma kulle kanta a ɗaki kamar farkon takaba. Umma ce ta tsinci katin maganin a ƙarƙashin katifa ba a taɓa ba. Irin wannan maganin ba a yanke shi rana ɗaya, ko za a daina likita ne ke ragewa a hankali. Kuma ko fitilar gasken ma ba kowa ake ba ba, mai ciwon ido sai an duba shi, wanda kuma ciwon damuwarsa ke sauka ya hau, yau ƙunci gobe surutu da rashin barci, haske mai ƙarfi na iya tayar masa da shi. Dakta bai tambaye ta ko ɗaya ba, tambayarsa ɗaya ce, an tura?

Da na kira shi sai ya ce wai ba mu caja ta da kyau ba, in ƙaro dubu 15 ya aiko "babbar". Na ce ya faɗa min asibitin da yake aiki, ɗif ya kashe, kafin la'asar ya yi bulokin ɗina.

Mun mayar da ita wajen likitanta an ci gaba da magani, Alhamdulillah da sauƙi. Duk mai irin wannan a gida, akwai sashen masu duba lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin Shika, akwai kuma asibitin tarayya na Barnawa a Kaduna. Sabon shafin nasa hoton ya canza, amma muryar ita ce, har yanzu da "saura guda uku kacal Hajiya" yake farawa. Fitilar kuwa tana kicin, Umma ke haska tukunya da ita in an ɗauke wuta.