Manhajar QGIS a Ofishin Tsara Ƙaramin Birni

Ga ƙaramin birnin da unguwanninsa ke faɗaɗa fiye da kuɗin shigarsa, manhajar taswira ta QGIS, wadda Gary Sherman ya fara ƙirƙira a 2002, ta cancanci gwaji, musamman da yake kyauta ce. Ma'aikaci zai iya ɗora tituna, magudanan ruwa da bututan famfo a kan taswira guda, ya auna tsawonsu, ya kuma gano unguwar da aka bari a baya tun kafin majalisa ta ware kuɗin aiki. Sai dai koyonta yana buƙatar haƙuri, kuma ba ta ƙiyasta kuɗin gyaran shekaru masu zuwa da kanta, alhali a nan ne kasafin ƙananan birane ya fi rauni.