Yaya, a kai kowa gwajin hanta

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, da Inna da yara da duk mutanen Ƙofar Marusa. Ka tambaye ni farashin jallabiya da turare a nan Alƙahira, zan turo maka. Amma akwai maganar da ta fi wannan damuna, ita ce rasuwar Kawu, Allah ya jiƙansa. Ka tuna yadda idonsa ya yi ɗorawa, ciki ya kumbura, muka ce shawara ce, muka yi ta dafa masa sassaƙe wata uku. Da aka kai shi asibiti, hanta ta riga ta lalace.

Masarawa sun fi mu ɗanɗana wannan ciwo. A da, an yi shekaru da dama ana yi wa mutanen karkara allurar tsargiya da sirinjin gilashi da ba a dafa shi sosai ba, ciwon hanta nau'in C ya bazu, har a 2008 kusan mutum ɗaya cikin goma na manya yana ɗauke da shi. A Oktoban 2018 gwamnati ta fito da gwaji kyauta, cikin wata bakwai aka gwada kusan mutum miliyan 50. Tsohon da nake haya a gidansa a Hayyul Ashir yana cikin waɗanda aka samu da ciwon. Har yau yana ajiye da kwalayen maganin a durowa, ya ɗauko ya nuna mini: sofosbuvir da daclatasvir, ƙwaya biyu kullum, mako 12, a nan ƙasar aka yi su, ko sisi bai biya ba. Wannan sofosbuvir ɗin da ya fito a Amurka a 2013, dala 84,000 aka riƙa sayar da na mako 12. Sama da 95 cikin 100 suna warkewa sarai. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba Masar shaidar zinariya ta kama hanyar kawar da nau'in C, ita ce ƙasa ta farko da ta samu.

Mu kuwa nau'in B ne ya fi yi mana yawa. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna wajen mutum 8 cikin 100 na manya a Najeriya suna da shi, yawancinsu ba su sani ba, don yana iya shekara ashirin bai nuna alama ba. Shi ko a nan ba a raba mutum da shi, sai dai tenofovir ko entecavir su danne shi. Kuma ba kowa ake ɗora wa magani ba, sai likita ya auna yawan ƙwayar cutar a jini. Kada wani ya je kemis ya saya da ka.

Ni na yi gwajin. Ɗigon jini, da yamma sakamako ya shigo wayata, ba ni da shi, na fara rigakafi, allura uku cikin wata shida. Mai askina ma a gabana yake ɓare sabuwar reza. Nakan tuna wanzaminmu da askarsa guda, ita ce aski, ita ce ƙaho, ita ce shayin yara. Mutumin kirki ne, ba na zarginsa, amma ku riƙa saya masa reza ku kai.

Abu ɗaya ba su fi mu ba: allurar rigakafin nau'in B ta jarirai kyauta ce a asibitocin gwamnati a Katsina kamar nan, tun 2004 tana cikin jerin rigakafinmu. Inda muke faɗuwa shi ne lokaci. Ta farko cikin awa 24 da haihuwa ake so, mu kuma sai a haihu a ɗaki, a ce jariri ba ya fita sai bayan suna. Amaryarka ta kusa sauka, Allah ya raba lafiya. A gwada ta yanzu wajen awo, ranar haihuwa kuma a kai jaririn ko da dare ne. Ka lallashi Inna a kan wannan, ta fi jin maganarka.

Matar Kawu da 'ya'yansa su fara zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya, kuɗin gwajinsu yana kaina. Ka ɗauki hoton takardun ka turo mini ta WhatsApp.