Kafin ka sayi injin wanke tsakuwa: zaɓen hanyar ɗaukar babban samfur a binciken lu'ulu'u

Mai neman zinariya yana iya ɗibar ƙasa kilo biyu ya aika ɗakin gwaji, a dawo masa da lamba. Lu'ulu'u ba ya yarda da haka. Ƙwaya-ƙwaya yake zama, kuma a tsakuwar tsohon kogi ƙwayoyin suna nesa da juna ƙwarai. A tsakiyar kogin Orange na Afirka ta Kudu akwai wuraren da ake haƙa da riba alhali abin da ke cikin kubik mita 100 na tsakuwa bai kai karat ɗaya ba, domin duwatsun manya ne masu tsada. Karat ɗaya kuwa giram 0.2 ne. Wato a kwashe tan 200 ko fiye don abin da bai cika kashi ɗaya cikin biyar na giram ba. Shi ya sa a wannan harka ba a maganar samfur sai babba, kuma duk wanda ya fara da tambayar farashin inji ya fara daga wutsiya.

Tambayar farko ita ce: duwatsu nawa kake bukatar ka gani a tafin hannu? Lissafin a sauƙaƙe yake. Idan samfurinka ya ba da duwatsu 25, kuskuren da ke cikin ƙiyasinka yana kusan kashi 20 cikin 100, sama ko ƙasa. Duwatsu 100 su sauko da shi zuwa kashi 10, duwatsu 400 zuwa kashi 5. Wannan ma idan duwatsun sun warwatsu ne ba tare da tsari ba, alhali a kogi taruwa suke yi a ramuka da tsagogi, saboda haka ainihin kuskuren ya fi haka. Ɗauki misali biyu. Tsakuwa mai rabin karat a kubik mita 100, matsakaicin dutse karat ɗaya: dutse guda a kowace kubik mita 200, kafin ka tara 100 sai ka wanke kubik mita 20,000. Wata kuma mai karat 20 a kubik mita 100, matsakaicin dutse rubu'in karat: kubik mita 125 sun ba ka duwatsu 100. Kayan aikin da suka isa na biyun wasan yara ne a na farkon.

Sanin yawan karat ma rabin labari ne. Farashin kowane karat yana rataye ne a kan 'yan manyan duwatsu, waɗanda ba sa fitowa sai an wanke da yawa. Don haka masu kimanta daraja suke son ɗaruruwan karat kafin su faɗi lambar farko, dubbai kafin su sa hannu a kan lambar da banki zai kalla.

Hanyoyin haƙa

Injin burtsatse mai busa iska, wanda ke tunkuɗo garin dutse ta cikin bututu, shi ne mafi araha a kowace mita, kuma shi ne aka fi yi wa mummunar fahimta. Ramin da faɗinsa santimita 14 ne, idan ya ratsa tsakuwa mai kaurin mita 3, abin da zai fito da shi bai kai kubik mita 0.05 ba. Ba za ka ga lu'ulu'u a ciki ba, ko ka gani gudumar ta riga ta fasa shi. Amfaninsa dabam ne: ya nuna maka kaurin ƙasar sama, kaurin tsakuwa, da yadda dutsen gindi yake hawa da sauka. Da wannan taswirar ake gane inda tsohon kogin ya bi da inda ya yi zurfafan ramuka. A saya don wannan kawai, kuma a fara da shi, don kada a zuba kuɗin babban rami a inda ba shi ne wakilin filin ba.

Akwai manyan injinan haƙa masu faɗin baki, irin na kamfanin Bauer, da ke iya huda ramin da faɗinsa ya kai mita 2.5. Irin wannan rami a tsakuwa mai kaurin mita 3 yana ba da kusan kubik mita 15. Yana da kyau inda tsakuwar take ƙarƙashin yashi mai zurfi ko cikin ruwa, inda buɗe rami zai cinye kuɗi kafin a taɓa ta. Ana saukar da bututun ƙarfe ya riƙe bango, don haka an san girman abin da aka ɗebo. Matsalarsa uku: kuɗin kawo shi fili, manyan duwatsu da ke tsayar da bokitinsa, da kuma rashin iya share gindin rami da kyau. A tsakuwa mai ƙarancin lu'ulu'u, kubik mita 15 ba komai ba ne. A misalinmu na farko sai rami 13 ko 14 kafin a sa ran dutse guda.

Ramin hannu, da diga da shebur, har yanzu yana da gurbinsa, musamman a dazuzzukan Afirka ta Yamma irin yankin Kono na Saliyo, inda tsakuwar ba ta da kauri, ba ta da zurfi, kuma shigar da manyan injina wahala ne. Rami mai mita 2 tsawo, mita 2 faɗi, a tsakuwa mai kaurin mita ɗaya, kubik mita 4 ke nan. Ba wanda ya fi mai shebur da tsintsiya iya share tsagar dutse. Amma ruwa yana cika ramin, bango yana ruftawa idan ba a tokare shi ba, kuma hannaye da yawa suna taɓa tsakuwar kafin ta isa wurin wanki.

Dogon rami da katafila mai bokiti da manyan tifofi shi ne abin da yawancin masu binciken tsakuwa ke komawa gare shi, kuma in filin ya ba da dama shi ya fi cancanta a sa kuɗi. Shi kaɗai ke ba da dubban kubik mita cikin makonni, kuma yana buɗe bangon da masanin ƙasa zai tsaya ya karanta. Sai dai a nan ne aka fi yin ɓarna. A yanke ramin a gicciye da hanyar da tsohon kogin ya bi, don ya ratsa gefe da tsakiya. A kwashe ƙasar sama a ajiye nesa. Idan tsakuwar hawa-hawa ce, kowane hawa a tara shi dabam, a wanke shi dabam, domin sau da yawa na ƙasa mai manyan duwatsu shi ke riƙe da yawancin kayan, haɗa su kuwa yana ɓoye wannan. Lu'ulu'u nauyinsa ya ninka na ruwa sau 3.52, farin dutsen da ya cika yashi kuwa sau 2.65, saboda haka yana nutsewa har sai ya sami abin da ya tare shi. Haƙoran bokiti suna wucewa ta saman tsagogi su bar mafi albarkar tsakuwa a ciki. Dole a kankare dutsen gindi, in ya ruɓe a shiga cikinsa kamar santimita 30 zuwa 50, sannan mutane su bi da shebur da tsintsiya, ko injin zuƙa.

Awon girma kuma a rami ake yinsa, da safiyo, kafin haƙa da bayan haƙa. Tsakuwa tana kumbura idan aka tono ta, sau da yawa da kashi 20 zuwa 30 cikin 100. Wanda ya ƙirga tifofi ya raba karat da su zai sami lambar da ta gaza gaskiya, ya yi watsi da fili mai kyau.

Samfurin cikin kogi mai gudu, da famfon zuƙa da masu nutso, yana fito da duwatsu amma ba ya ba da lissafi, don ba wanda ya san kubik mita nawa aka zuƙa. A ɗauke shi a matsayin shaidar cewa akwai, ba ma'aunin yawa ba.

Injin wanki

Ko wace hanya aka zaɓa, matakin farko ɗaya ne: ganga mai juyawa da ruwa don ta warware yumɓu, sai rariya. Kada a yi rowa a nan. Yumɓun da bai narke ba yana dunƙulewa, ya haɗiye lu'ulu'u, ya mirgina da shi zuwa juji. Idan ka ga dunƙulen laka suna fitowa a ƙarshen gangar, ta yi gajarta ko ana ɗura mata fiye da ƙarfinta. Ramin rariyar ƙasa shi ke yanke mafi ƙanƙantar dutsen da za a kama. Milimita 1 zai ba da karat da yawa masu arha, milimita 2 ko sama da haka zai rage karat ya ɗaga farashin kowane ɗaya. Duk rahoton da ya faɗi yawan karat bai faɗi girman rariya ba, cinikin biri a sama ne. Rariyar sama ma abin lura ce: in an tsayar da ita a milimita 25 ko 32, duk dutsen da ya fi haka ya tafi tare da tarkace.

Kasko mai juyawa, wanda aka daɗe ana aiki da shi a gaɓar kogunan Vaal da Orange, ana sayar da shi da faɗin ƙafa 14, 16 ko 18. Ruwan laka mai kauri ne a ciki, haƙoran ƙarfe suna motsa shi, mai nauyi ya nutse zuwa gefe, marar nauyi ya malala ta tsakiya. Yana da arha, yana cin tsakuwa da yawa, kowane mai walda zai gyara shi. Rauninsa shi ne ya dogara da mai kula da shi. Laka ta yi kauri, ƙananan duwatsu su bi ruwa. Ta tsinke, kaskon ya cushe. Yashi mai yawa ma yana lalata shi, sai an tankaɗe yashin tukuna.

Jig, mai tunkuɗa ruwa sama da ƙasa ta cikin rariya, ya dace da ƙananan samfura da wuraren da ba hanya. Sharaɗinsa a raba tsakuwar gida-gida bisa girma kafin a zuba, in ba haka ba babban dutse marar nauyi da ƙaramin mai nauyi su zauna wuri guda.

Na'urar DMS, mai raba tsakuwa bisa nauyi, ita ce mafi aminci. Ana dama garin ferosilikon, wani garin ƙarfe mai nauyi, da ruwa, a harba shi tare da tsakuwa cikin mazurari mai juya ruwa, a saita shi ya raba a wajen nauyin da ya ninka na ruwa sau 3.1, ƙasa da na lu'ulu'u. Ana iya auna aikinta a kowace awa, abin da kasko ba ya bayarwa. Kuɗinta ya fi, tana son tsabtataccen ruwa da wuta marar yankewa da ma'aikaci mai horo, ferosilikon kuma yana bin ruwa kullum sai an ƙaro. Ƙananan da ake ɗorawa a tirela suna cin tan 5 zuwa 10 a awa, wanda ba zai gama kubik mita 20,000 da wuri ba. Shi ya sa da yawa suke haɗawa: kasko ya rage yawa, DMS ta tace abin da kasko ya tara. In an yi haka, a tuna asarar kaskon tana nan a cikin lissafi. Kafin a zaɓa, a duba nauyayan duwatsun filin. Inda dutsen ƙarfe ko marmara suka yi yawa, su ma nutsewa suke yi su cika na'urar, sai an sa maganaɗisu a gaba.

Matakin ƙarshe yana tsakanin teburin giris da na'urar eksire. Lu'ulu'u ba ya jiƙa, don haka yake manne wa giris sauran duwatsu su wuce. Amma na kogi da ya daɗe cikin ƙasa mai gishiri ko tsatsa yakan yi rufi a jiki, ya jiƙa, ya zame. Na'urar eksire irin ta Flowsort ko Bourevestnik tana kama shi ne saboda yana walƙiya in hasken ya doke shi, sai dai nau'in lu'ulu'un da ake kira IIa, wanda manyan duwatsu masu tsada sukan fito daga cikinsa, walƙiyarsa na da rauni. Sabuwar na'urar eksire da ake kira XRT, irin ta TOMRA, ba walƙiya take nema ba, tana gane sinadarin kabon ne kai tsaye. Da ita aka kama dutse mai karat 1,109 a mahaƙar Karowe ta Botsuwana a 2015. Ga mai samfur, abin da ya fi shi ne biyu a jere: eksire sau biyu, giris a bayanta ya kama abin da ya kuɓuce.

Saye, haya ko kwangila

Idan aikin bai wuce wata shida ba, haya ko ɗan kwangila ya fi saye, sai dai a rubuta sharuɗɗa. A biya shi bisa kubik mitar da safiyo ya auna a rami, ba bisa tifa ba, kuma kada a ba shi kaso a duwatsun, don mai kaso zai karkata bokiti zuwa inda ya fi maiƙo. A wanke injin tas tsakanin samfur da samfur. Kowace rana a jefa 'yan gwaji, ƙananan ƙwayoyin roba masu launi da aka yi su da nauyin lu'ulu'u, girma dabam-dabam, a ƙirga nawa suka dawo. In an jefa 50 an sami 44, a tsayar da aiki a nemo dalili. Jujin kowane samfur a ajiye shi dabam da lambarsa, a sake wanke wani kaso da wata na'urar. Tsintar ƙarshe a cikin akwatin gilashi mai safar hannu, mutum biyu, makulli biyu, kowane dutse a auna shi a rubuta shi kaɗai. Tsaron nan fuska biyu gare shi, hana fita da hana shigowa: a 1872 wasu mutum biyu a Amurka sun watsa sayayyun duwatsu a fili suka yaudari manyan attajirai, sai da masanin ƙasa Clarence King ya tona asirin. Idan za a kai rahoton gaban masu zuba jari, a tabbatar tun farko tsarin ya cika ɗaya daga cikin ƙa'idojin rubuta rahoton ma'adinai, wato SAMREC, JORC ko NI 43-101, kuma fitar da duwatsun zuwa wata ƙasa don kimantawa yana bukatar takardar shaidar Tsarin Kimberley, tsarin ƙasa da ƙasa na sa ido kan cinikin ɗanyen lu'ulu'u, wanda ya fara aiki a 2003.

Injin samfur kuma ya yi kama da wanda za a yi ainihin haƙar da shi. In an auna da DMS da rariyar milimita 1, aka zo haƙa da kasko da rariyar milimita 4, karat ɗin da ke takarda ba za su fito a akwati ba, sai an sake lissafin bisa jadawalin girman duwatsun da aka rubuta ɗaya bayan ɗaya.